Sista Ba Ta da Kati

Na tarar da ita zaune a tsakiyar matakala, jaka a cinya, takalmi ɗaya a hannu. Ni kuma na sauko ne zan sayo zare.

"Sista, lafiya? Nan kika mayar falo?"

"Yaya, bar ni in sha iska. Benen nan kullum ƙara tsawo yake yi."

Na zauna kusa da ita, don ni ma gwiwata ba ta ƙi hutun ba. Sista maƙwabciyata ce, ƙofofinmu na kallon juna a sama. Ni ɗinki nake yi a ɗakina, ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara na babban asibiti, ta haura shekara ashirin a can. Kowa Sista yake ce mata, har mijinta idan ya sha'afa. Duk wanda kansa ya sara a gidanmu ƙofarta yake bugawa, ta fito da na'urar awon jini tana mita, ta auna shi, ta yi masa faɗa, ta sallame shi.

Ta zaro wayarta ta nuna mini, kamar idona zai iya karanta waɗannan ƙananan rubutun.

"Jami'a ce ta sake turo saƙo. Sun ce wannan ne karo na ƙarshe. In ban fara a zangon nan ba, gurbin ya tafi ke nan."

Maganar gurbin nan tun ina ɗokinta har na gaji da jinta. Sun daɗe da ba ta damar yin digiri na biyu, tana ta ɗagawa. Da farko asibiti suka ce babu wadda za ta riƙe mata sashe. Da aka samu, surukarta ta kwanta jinya, kuma wa zai yi jinya a gidan da akwai Sista? Bayan tsohuwar ta rasu sai ma'aikata biyu suka bar aiki lokaci guda. Haka shekaru suka yi ta wucewa, gashin gaban goshinta ya fara fari.

"To, wanne kika zaɓa?" na tambaye ta.

"Nan gizo ke saƙar," ta ce, ta mayar da takalmin ƙafarta da kyar. "Kama ni mu hau."

Karatu iri biyu aka ajiye mata ta zaɓa. Akwai na lafiyar al'umma, inda ake koyon yadda cuta ke bin unguwa da yadda za a tare ta tun ba ta kwantar da mutane ba. Akwai kuma na tafiyar da asibiti, wato yadda ake tsara ma'aikata da magani da gadaje. Kowanne kuma ana iya barin aiki a tafi can a zauna, ko a riƙa zuwa ƙarshen mako, ko a yi ta waya daga gida. Na ji wannan bayani ya fi a ƙirga, har na iya shi kamar ni za a ɗauka.

Mijinta, wanda muke kira Injiniya don yana gyaran injin ruwa, shi ya riga ya yanke hukunci. Da yammar ranar suka shigo ɗakina da gardamarsu, don sun mayar da ni alƙali ba tare da na nema ba.

"Yaya, don Allah ki gaya mata gaskiya," ya ce. "Ta yi na tafiyar da asibiti. A ba ta ofis da kujera, ta huta da tsayuwa. Dubi ƙafarta yadda take kumbura."

"Kujera!" Sista ta ce. "In zauna ina raba wa mutane ranakun hutu, suna zagina a bayan ido?"

"To wancan fa? Yawon unguwa cikin rana kina leƙa kwata."

"Kai ba ka gane ba. Yaron da na sallama ranar Litinin, shi zai dawo mini kafin mako ya zagayo, da zawo iri ɗaya. Ruwan da ya kwantar da shi yana gida yana jiransa. Na gaji da sa wa yara ƙarin ruwa, wallahi na gaji. So nake in san inda abin ke fitowa."

"Kin ce akwai lissafi a ciki."

"Akwai. Shi ne ma kawai yake tsorata ni."

Na ci gaba da taka keken ɗinkina. A raina dai na goyi bayan kujera, don na ga yadda take dafa bango in za ta miƙe. Na lura shayin da na zuba mata ko rabi ba ta sha ba. Da na yi magana ta ce olsa ce ta tashi, ta san maganinta.

Bayan 'yan kwanaki ranar ganin likitana ta zo, saboda hawan jini. Tun da sassafe nake kan bencin asibitin da katina a hannu, layi ya ƙi motsi. Can na hango Sista ta taho da sauri cikin fararen kaya, riƙe da takarda. Jami'a ba ta karɓar ɗalibi sai da shaidar cewa likita ya duba shi lafiyarsa ƙalau, ita ce take nema. Ta tare wani dogon likita a baranda, yana tafe yana amsa waya.

"Likita, taimaka ka sa mini hannu. Ta makaranta ce."

"A'a, Sista, an yi zuciya ke nan? Madalla!" Ya danna takardar a jikin bango, ya lalubo biro. "Ya cikin naki?"

"Da sauƙi."

"Kina shan abin da na ce?"

"Ina sha."

"Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Ke da kike duba mu, me zan duba a jikinki?"

Ya sa hannu, ya buga hatimi a kan gwiwarsa, ya wuce. Duka bai fi tsawon gaisuwa ba. Gaskiya a ranar kishi ne ya kama ni. Ni nan ina zaune ƙugu ya sage, sai an kira ni, an kwantar da ni, an matsa nan an matsa can, ita kuwa a tsaye ta gama. Na ce mata, "Ku kam kun ji daɗi." Ta yi dariya ta ce ai ma'aikacin asibiti ba ya bin layi, kunya ce ma a gan shi a benci.

Haka suke yi dukansu, daga baya na gane. In ɗayansu ba ya jin daɗi, sai ya tare abokin aiki a hanya ya faɗi sunan ciwon da kansa, wancan ya faɗi sunan magani. Sista ta gaya wa likitan yara ciwon cikinta, ta gaya wa mai ba da magani, ta gaya wa ungozoma. Kowannensu ya ɗauka wani ya riga ya duba ta.

A ƙarshe ta zaɓi lafiyar al'umma, na waya, aji duk safiyar Asabar. Asibiti sun ce ba za su iya sakinta ta tafi ba, jikinta kuma ba zai ɗauki doguwar mota duk mako ba. Injiniya ya yi fushin kwana biyu, sannan ya sayo mata ƙaramin teburi ya kafa a gefen taga. Ta kawo mini yadi in ɗinka mata riga.

"Ajin da ba wanda zai gan ki sai daga wuya zuwa sama?"

"Ni zan ga kaina. Shekara nawa ina cikin fari kamar alli. Ki sa mata aljihu."

Ban gama rigar ba. Ana saura 'yan kwanaki a fara ajin, Injiniya ya buga mini ƙofa da hantsi, babu ko hula.

"Yaya, zo ki gani. Ta faɗi a banɗaki."

Muka kai ta asibitin da take aiki. Tun daga ƙofa ma'aikata suka yo caa, wannan ya turo keken marasa lafiya, wancan ya kama hannu. Aka ce Injiniya ya je ya karɓo katinta. Na bi shi, don na fi shi sanin hanya. Mai kati ya daddanna na'urarsa, ya tashi ya duba kantar da ake jera kati, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Sista ba ta da kati."

"Kamar yaya ba ta da kati?" Injiniya ya ce. "Nan take aiki."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ba ta taɓa buɗewa ba. Sai dai a buɗe sabo."

Ya tambayi sunanta da shekarunta kamar baƙuwa, Injiniya yana ba shi amsa.

Dogon likitan nan ne ya kwantar da ita a gadon dubawa. Ya ɗora hannu a cikinta, ya matsa, sai na ga hannun ya tsaya wuri ɗaya. Ya daɗe bai ɗaga kai ba. Sista tana kallon fuskarsa, ita da ta san irin wannan shirun fiye da kowa.

"Tun yaushe?" ya ce.

"An ɗan jima."

"Me ya sa ba ki ce in duba ki ba?"

"Kai ma ai ba ka ce in kwanta ba."

Ba da zafi ta faɗa ba, kuma shi ma bai kare kansa ba. Ya ja kujera ya zauna, ya cire tabarau ya murza ido. Duk su biyun gajiyayyu ne, ni dai abin da na gani ke nan. Hoton ciki ya nuna ƙari ne, ciwon daji, kuma ya riga ya kama hanta.

Aka ba ta ɗaki ita kaɗai a ƙarshen baranda. Abokan aikinta suna shigowa su gyara ƙarin ruwan da ba ya buƙatar gyara, su fita da sauri. Ina zuwa kullum in zauna, wani lokaci da ɗinkin hannu. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa, amma bakin yana nan.

"Ka ga da na bi shawararka," ta ce wa Injiniya, "da dokar farko da zan kafa, kowane ma'aikaci ya hau benci."

"Ki daina wannan maganar."

"To me zan yi magana a kai? Gobe Asabar. A yi mini cajin waya."

Ya ce a rubuta wa jami'a a roƙi su sake ɗagawa. Ta girgiza kai. Ta ce ta gama ɗagawa, ko aji ɗaya ne sai ta zauna.

Da safe na je da mayafina mai ruwan toka, don rigar ba ta da hannu ɗaya. Na yafa mata a kan rigar asibiti, na gyara mata ɗankwali, na tada mata kai da filo. Da lokacin aji ya yi wayar ta yi ƙara. Hannunta ba zai iya riƙe ta ba, sai ta nuna mini inda zan danna, na riƙe mata a gaban fuska. Ƙananan fuskoki suka cika gilashin, yawancinsu yara ne da za ta iya haifa. Wani malami mai furfura ya yi gaisuwa, ya fara kiran suna.

Da ya zo kanta, cikakken sunanta ya kira, na yanka da na mahaifinta. Rabon da in ji wani ya kira ta da shi har na manta. Ta ɗan zabura kamar yarinya.

"Ina nan," ta ce.

Ban gane yawancin abin da malamin ya faɗa ba. Na dai ga hoton unguwa da jajayen ɗigo a kai, yana nuna yadda suka taru kusa da wurin ɗiban ruwa. Sista ta ɗaga yatsa tana bin ɗigon a iska. Hannuna ya gaji, na sauya, ya sake gajiya. Kafin a tashi barci ya ɗauke ta, amma ban sauke wayar ba sai da malamin ya yi sallama.

Da ta farka ta ce, "Yaya, ashe lissafin ba wuya."

Ranar Laraba da rana ta rasu, Injiniya yana riƙe da hannunta, ni na sauka sayo ruwa. Allah ya jiƙanta. Gidanmu ya cika ya batse, takalma har kan matakala. Na yi kuka har na gaji da kukan, na koma ina zuba wa mutane shayi.

Washegari Injiniya ya miƙo mini wayarta a bakin ƙofa.

"Riƙe mini wannan, Yaya. Yanzu wata ta kira, wai ɗanta na amai, me za ta ba shi. Ba zan iya ba."

Na ajiye ta a kan kekena, kusa da rigar. Ranar Asabar da safe ina ƙoƙarin zura zare a allura sai wayar ta yi ƙara, irin ƙarar da ta yi a asibiti. Na daɗe ina kallonta, sannan na danna inda ta nuna mini. Fuskokin suka bayyana, malamin ya gyara tabarau ya fara kiran suna. Kowa yana amsawa.

Ya kira nata. Ya jira kaɗan, ya sake kira. A ɗan gurbinta na kan gilashin ba abin da ake gani sai silin ɗakina da fanka tana juyawa a hankali. Ya duba takardarsa, ya kira na gaba.