Ganyen da Himti Ke Wankewa

A tsaunukan Kangra, in ka ga mutum da tabo a goshi da dogon hanci siriri mai ɗan lanƙwasa, ba sai ka tambaya ba, ya taɓa kwanciya a ɗakin tsoho Girdari. Wanda beyar ta yaga, wanda ya faɗo daga bishiya, wanda ciwo ya cinye wa hanci, duk nan ake kawo su. Girdari zai yanki ganyen bishiyar pipal daidai girman hanci, ya ɗora a goshin mutum, ya zagaye fatar da wuƙa, ya murɗo ta ƙasa ya ɗinke, ya cusa karare biyu don numfashi. To, wanda ba shi da hanci, a kan me za a gwada ganyen? Kakanninsa sun warware wannan tun tuni: mai aiki ya gwada a nasa. Shi ya sa rabin kwarin ke yawo da hancin Girdari, kuma da sun fara hawa tudu sai ka ji hancin na fito kamar buta a kan wuta.

Gidan na da doka: 'ya mace ba ta taka ɗakin aiki. Matar ɗa tana shiga, don ita ta zo ke nan, amma 'ya aure za ta yi ta kwashi sirrin ta kai wa wasu. Ɗan Girdari tilo kuwa ya tattara matarsa ya tafi aikin jirgin ƙasa, jini ma ba ya son gani. Saura Himti, 'yar Girdari, mai 'ya'ya uku a ƙauyen ƙetaren rafi. Ranar aiki takan zo ta tsinko ganye, uban ya yanka, in ya shiga wanka da addu'a ta wanke ganyen ta ajiye a farantin tagulla a bakin ƙofa. Iyakarta ke nan.

Ko kuma iyakar abin da uban ya sani ke nan. Shekara uku baya aka kawo wani makiyayi mai zagayayyar fuska, uwarsa na kuka tana cewa kada a mayar mata da ɗa baƙo. Tausayi ya kama Himti. Ta ja ƙanen makiyayin bayan gida, ta gwada sabon ganye a hancinsa, ta musanya. Idon tsoho ya yi rauni, bai lura ba. Tun daga ranar ba ta daina ba, kuma ba ta daina jin tsoro ba, don ta san gwaggonta leƙe kawai ta yi ta taga, kakansu ya mutu bai sake yi mata magana ba.

Sai ga wani matashin likita daga Lahore, mai suna Sodi, da littafi da abin awo da ɗan madubi. Wata biyu yana bin ƙauyuka yana tare mutane yana auna musu hanci, har mata suka fara rufe fuska in sun hango shi. Ya zauna a tsakar gidan Girdari, Himti na zuba masa shayi.

"Baba-ji, hanci sittin na auna na aikinku," in ji shi. "Hamsin da ɗaya duk iri ɗaya ne, kuma ƙofar hanci ɗaya ce ke busa wa madubina tururi sosai. Amma tara na ƙarshe kowanne daban, ƙofofin a buɗe, ba fito. Zan rubuta wa likitoci su karanta. Me kuka canza?"

Shayin ya zube a kan yatsun Himti, ba ta ko ji zafin ba.

"Canza?" Girdari ya gyara zama yana shafa gemu. "Yaro, mu ba mu canza komai. Hannu ne ya nuna. Kai ma in ka yi shekara arba'in kana abu ɗaya, ka daina yawo kana tsorata matan mutane, za ka gane."

"Haka ne, Baba-ji. Ko zan ga ganyen yau?"

Ai kuwa akwai aiki ranar, wani mai saran itace na kwance a ciki, farantin na bakin ƙofa. Kafin Himti ta motsa, likitan ya ɗauko ganyen, ya miƙa wa tsoho da hannu biyu, ya roƙe shi ya nuna masa yadda ake gwadawa. Girdari ya ɗora a hancinsa da alfahari. Ganyen ya tsaya a rabin hanya, gajere, mai faɗi, gefensa na lilo a kumatunsa. Ya juya shi. Ya sake juya shi. Ya shafa bakin yankan da babban yatsa, a hankali, don yatsunsa ba su makance ba.

"Himti."

"Na'am, Bapu."

"Wannan hancin wa ne?"

"Na yayan mai saran itacen," ta ce. "Yana waje. Yanzu nan na gwada."

"Tun yaushe?"

"Tun makiyayin nan."

"Tara?"

"Da na yau goma."

Likitan ya ga ya jawo magana, ya sunkuya yana duba littafinsa kamar yau ya fara ganinsa. Himti ta tsaya da butar shayi a hannu tana jiran a ce ta ƙetare rafi kada ta dawo. Ba aikin take jin tsoron rasawa ba, uban take tsoron rasawa.

Tsoho ya daɗe yana riƙe da hancinsa. Can ya ce, "Wato shekara arba'in ina rarraba wa bayin Allah wannan abin, ba wanda ya buɗe baki ya ce ba ya so?"

"Bapu, wa zai yi gardama da mai wuƙa a hannu?"

Likitan ya ƙware da shayi. Girdari ya harare shi, sannan ya juyo ya harari 'yarsa, ko dai wajen da yake zaton tana tsaye.

"Ke, na taɓa nuna miki wani abu?"

"A'a, Bapu."

"Ka ji ko, Likita? Doka ta ce kada uba ya koya wa 'yarsa. Ban koya mata ba. Na bibiyi dokar nan daga farko har ƙarshe a kaina, ban ji inda kakana ya ce kada 'ya ta koya wa uba ba. Rubuta sunanta. Himti. Kada ka ɓata shi da wannan rubutun naka na kaza."

Ya miƙe da ƙyar, ya mayar da ganyen a farantin, ya nufi ɗakin aiki. A bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba.

"To, tsayuwar me kike yi? Ni zan ɗauko farantin? Wanke hannu ki zo ki riƙe min kan mutumin nan, ki gaya min in layin ya karkace."

Himti ta ajiye butar. Shekara talatin tana share dokin ƙofar nan, ta san duk tsagar da ke jikinsa, amma da ta zo tsallakawa sai da ta yi tuntuɓe, don hawaye ya rufe mata ido.

"Kalle ta," in ji tsoho. "Wai ni ne ba na gani."