Waƙar Bakin Rami a Ranar Lalle

…kuma har da tafi! Tafin ne ya fi ƙona Suhaila. Tana tsaye a ƙofar ɗakin kakarta Sitti da tiren shayi, ƙafa ta ƙi shiga. Tun jiya Sitti ba ta ci ba, ba ta ce mata uffan ba, ga ɗaurin auren Suhaila jibi.

Wa ya aike ta? Waƙa ce kawai, waƙar da tsohuwa ke yi ƙasa-ƙasa in tana tsinke molohiyya, ganyen lalo na miya. Suhaila ta naɗi muryar a waya a ɓoye. Hisham ƙaninta ya ɗora mata kiɗa, ta yi daɗi, wallahi ta yi daɗi. *Rami ya ci bai ƙoshi ba, ku sauko da fitila*... ita ta zaci waƙar aiki ce, irin ta daka. Wai kyauta za ta yi wa Sitti, ranar lalle, gaban 'yan matan unguwarsu ta Ka'akiyya duka.

Jiyan ana sa waƙar, sai guɗa. Rim ƙawarta na juyi. Ana kiran sunaye ɗaya-ɗaya, su kuma suna amsawa da tafi, Audu, raf! Ɗanjuma, raf!

Shayin nan zai huce.

Ana cikin tafin nan sai Hajiya Maryama, tsarar Sitti, ta cafke mata hannu, lallen bai ma bushe ba: "Ke 'yar nan, kashe! Ba a yi wa wannan tafi. A bakin ramin kwal ake yin ta, a Inugu, in ƙasa ta rufta, mata na jiran gawa. Waɗanda ba su fito ba ake kira. Uban kakarki na ciki."

Ƙasa ta tsage mana ta shige. Kunya, kunya har cikin ƙashi. Sitti ko kuka ba ta yi ba, ta nemi takalminta kawai.

Goge waƙar za ta yi. Halas, shi ke nan. Ta ajiye tiren, yatsa na kan waya...

Murya daga ciki, siririya. Sitti ce, ita kaɗai, tana yi. Audu. Ɗanjuma. Shiru. Ta koma farko. Audu, Ɗanjuma... ta sake tsayawa. Ta manta? Ya Rabbi, ta manta na gaba.

Barau ne. Barau, sai Mati, sai Ila. Suhaila ta san su duka, ai mako guda ta yi tana koyon rawa a kansu. Sunan na bakinta, da kiɗansa, da inda ake tafin.

Da wane bakin za ta faɗa?