Itatuwan Cibiya

"Ba zan sa hannu ba, yallaɓai."

Injiniya Riascos, shugabana a ofishin tsara gari, ya ajiye kofin gahawarsa. Takardar da ke gabana ta ce filin bayan unguwarmu babu mai amfani da shi, don haka a sauya masa matsayi a gina benaye takwas. Ni na auna filin, majalisar gari ba za ta karɓa ba sai da sa hannuna.

"Haba Yirleza, kwakwa ce fa da gwaba. Ko su ma ƙuri'a suke kaɗawa?"

"Kowace da mai ita."

A wurinmu in an yi haihuwa, ungozoma ce ke binne cibiya ta dasa itace a kai. Kakata Leonisa, ungozomar unguwarmu, ta binne ɗari da sha huɗu a filin nan, har da tawa. Shekara biyar na yi a jami'a, babu wanda ya kai ni zana taswira a ajinmu. Ban yi karatun don in rubuta "babu kowa" a kan mutanena ba.

Ya ba ni mako guda in yi tunani.

Ran Lahadi aka yi taron unguwa a zauren coci, ruwan sama na dukan kwano har sai mutum ya ɗaga murya. Na zaci kowa zai tsaya mini. Sai ga Gwaggo Nemesia, ƙanwar babana, ta miƙe. Ɗakinta na katako ne a kan turaku a bakin teku, duk cikar ruwa in teku ya shigo ɗakin sai ta ɗora jikokinta kan tebur. An yi mata alkawarin gida a hawa na biyu na sababbin benayen.

"Sannu 'yar boko, mai kwana kan siminti! Cibiyar ai tawa ce, na yafe. A tone ta a ba kifi."

Aka bushe da dariya.

"Gwaggo, na ga zanen da idona. Benayen za su toshe rafin da ke ratsa filin, ruwan duk kanku zai dawo. Kuma babu sunan ɗan unguwar nan ko ɗaya a rubuce cikin masu samun gida. Baki ne kawai."

"To ki sa hannun ki rubuta nawa mana! Ina amfanin karatun? Ƙafar Wilfrido ta fara ruɓewa saboda laima, ni ki ce mini itace?"

Wilfrido jikanta ne, shekararsa uku.

Da makon ya cika na sake cewa a'a. Na zauna da Kaka kwana biyu tana tuno sunaye ina rubutawa, na zana tawa taswirar, kowane itace da mai shi, na kai majalisa da ƙafata. Suka ɗage zaman zuwa watan Maris. Ɗagewa kawai, ba sokewa ba.

An sallame ni daga aiki ranar Juma'a. Na zaga ofis huɗu, da sun ji sunana sai su ce babu gurbi. Yanzu ina ɓare jatan lande tare da mamata a kasuwa, hannuna duk ya tsage. A cikar ruwan Oktoba daɓen ɗakin Gwaggo ya rufta, ita da jikokin suna kwana a wani aji na makarantar unguwa. In na gaishe ta sai ta kau da kai. Aikina ya tafi, gwaggota ta tafi, kuma a Maris ɗin ma mai yiwuwa ne mu faɗi a majalisa.