Faɗa a Kan Littafin Boryana

Duk wanda ya taɓa sayen maganin tari a kantin da ke gindin gada a Gabrovo ya san Yordanka, ya kuma san bakinta. Ita ce mai miƙa wa mutum kwalba tana ce masa, "Wannan ba abin da zai yi maka muddin ba ka bar sigari ba, amma tunda ka nace, ungo." Da ta yi ritaya sai bakin ya rasa wurin aiki. Ta ɗauke shi ta kai gidan karatu na unguwa, inda ake zama a ɗakin sama kowace Laraba da la'asar: wannan mako a tattauna littafin da aka karanta, mako mai zuwa fim ɗin da aka kalla.

Da farko suna da yawa. Sanyi da ciwon gwiwa da renon jikoki suka yi ta rage su, har masu zuwa ba fashi suka koma su uku: ita, da Ginka, ƙawarta tun suna 'yan mata, da Minko, wanda ya koyar da rabin garin labarin ƙasa, har yau kuma Malam ake ce masa. Sauran sai ran da suka ga dama.

Malam Minko mutum ne mai saurin hawaye a gaban fim. Akwai wata Laraba da ya shigo yana ta yabon wani fim ɗin yaƙi, wai tun da aka haife shi bai ga irinsa ba.

"Malam," in ji Yordanka, "sojan da ya yi wata da watanni a rami yana cin busasshen burodi, ka ga haƙoransa? Fari tas, kamar ango. Ni tun daga nan na daina yarda da su."

"Ke haƙora kika je kallo? Mutum ya mutu a hannun ɗan'uwansa."

"Ya daɗe yana mutuwar. Har na tashi na dafa gahawa na dawo bai gama ba."

Ginka ta yi dariya har ta ƙware. Haka zamansu yake. Ba littafin da ya taɓa fita daga ɗakin nan ba tabo, kuma yawanci Yordanka ce ke fara yi masa.

To, Yordanka tana da 'ya guda, Boryana, wadda ke aiki a wani asibitin haƙori a Sofiya. An daɗe ana jin wai tana rubutu, uwar kuma ba ta taɓa ɗaukar zancen da nauyi ba. Sai ga shi a farkon kaka an buga littafin. Boryana ta kawo mata kwafi ɗaya da kanta, ta ajiye a kan teburin kicin kamar mai ajiye ƙwai.

"Mama, ki karanta. Amma kar ki ce mini komai tukuna."

"Sai yaushe?"

"Sai na yi ƙarfi."

Labarin wata mata ce, Rositsa, wadda masaƙar da take aiki ta rufe, ta bar ɗanta yana koyon tafiya a hannun kakarsa, ta tafi Italiya jinyar wata tsohuwa. Ba ta dawo ba sai da yaron ya fara aske gemu. Yordanka ta karance shi a zama biyu. Ta rufe, ta fita ta share tsakar gidan da ba ya buƙatar shara, ta dawo ta sake farowa daga shafin farko. Ba wanda ta gaya wa. Ita ba mai tallar abin gidanta ba ce, kuma da a ce sai ta bakinta, da littafin bai taɓa hawa ɗakin sama ba. Ginka ce ta gan shi a tagar mai sayar da littattafai, ta sayo, ta ce shi za a yi ranar Laraba.

Ranar, tun daga matakala Yordanka ta ji abin bai yi mata ba. Ɗakin ya cika, har waɗanda aka manta da fuskarsu sun zo. Ginka ta gaso banitsa, wani irin burodinsu na gargajiya mai cuku, ga ta da zafinta a tsakiyar tebur. Malam Minko ya sa kwat, ya ɗaura laktaye, ya miƙo wa Yordanka furanni.

Aka fara. Wata ta ce littafin ya yi daɗi. Wata ta ce bangon ma abin kallo ne. Wani ya ce ya san Boryana tun tana goye, tun a lokacin ya ga alamar basira. Malam Minko ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba, ya ce garin nan ya yi 'ya, ya zauna. Ginka, wadda kullum ita ce mai katse mutane, yau sai yanka banitsa take tana rabawa. Kowa ya gama nasa sai ya dubi Yordanka ya yi murmushi.

Ta saurare su har ƙarshe. Sannan ta ture furannin gefe.

"Wa ya rasu?"

Aka shiga kallon juna.

"Na ce wa ya rasu? Don na ga ta'aziyya kuka zo yi mini. Malam, marubucin da muka yi watan jiya, wanda duniya ta san shi, cewa ka yi babinsa na ƙarshe kamar miyar jiya. Shi ka ga ya isa a zage shi. 'Yata ce ba ta isa ba, sai dai a shafa mata kai a ba ta alewa?"

"Haba, Yordanka," in ji Minko, "ai kara ce."

"Riƙe kararka. In ba za ku fara ba ni zan fara. Babi na uku ya yi tsawo, da an yanke rabinsa ba wanda zai nema. Mijin Rositsa kuma ba mutum ba ne, turmi ne aka sa wa hula. Ya shigo ya sha giya, ya fita ya sha giya. Ko mashayi ai yana da ranar da yake gyara famfo. To, na buɗe muku ƙofa."

Malam Minko ya sassauta laktaye. Ya juya littafin a hannunsa, ya ga dai da gaske take.

"Tunda haka kike so," ya ce. "Rubutun ba ni da ta cewa, ya hana ni barcin rana. Amma ita Rositsa ba na ƙaunarta, kuma na ji haushin yadda aka so a sa ni in ƙaunace ta. Mace ta bar yaro bai iya ɗaura takalmi ba, ta je tana wanke uwar wasu, ta dawo da akwati cike da riguna da suka yi masa kaɗan, sannan a ce in tausaya mata don ya ƙi ce mata Mama? Ni da yaron nake."

Wuƙa ta tsaya a hannun Ginka. Kowa a ɗakin ya san ta yi shekaru a birnin Bologna na Italiya tana jinyar wata tsohuwa, ɗanta kuma a hannun surukarta ya tashi. An sani, ba a dai faɗa. Malam Minko ya manta ne, ko kuwa littafin ya ɗauke masa hankali.

"Ran da masaƙa ta rufe, Malam," in ji Ginka a hankali, "kana aji kana nuna wa yara Italiya a taswira da sanda. Mu muka je muka gan ta. Kana tsammanin yawon buɗe ido ta tafi? Da ta zauna, me za ta zuba masa a kwano, ƙauna?"

"Ban ce yawo ta tafi ba. Amma ku kuna can, ni nake ganinsu da safe. Riga a juye, kai ba taza. Ranar taron iyaye kujerunsu wayam. Akwai wanda ya yi shekara guda ba ya magana a ajina. Su wa ya tambaye su?"

"Mu wa ya tambaye mu?"

Nan fa ɗaki ya kaure. Wadda ta yabi bango ɗazu ta ce ai laifin kakar ne, ita ta cusa wa yaron ƙiyayya. Wani ya ce ƙarya ne, a buɗe wurin da kakar ke karanta masa gaisuwar uwarsa a gani. Aka shiga buɗe shafuka, kowa yana neman hujja. Wata ta ce ƙarshen zalunci ne, a ce an rabu a tasha ba ko runguma. Ginka ta ce da an yi rungumar da ta jefa littafin a kogin Yantra, don ba haka ake yi ba. Mai kula da gidan ta hau daga ƙasa ta leƙo, ta ce ana karatu a ƙasa fa, ba wanda ya ji ta. Daga ƙarshe Ginka ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar farantinta.

Yordanka na zaune, hannu a kan cinya. Tun da aka fara ba wanda ya sake duban inda take. Sun manta da ita, sun manta da Boryana da aka sani a goye. Rositsa kawai ake yi, kamar matar da ke zaune a layin bayansu. Ta ɗauki yankan banitsa ta kai baki don kar fuskarta ta tona ta.

Washegari da hantsi ta wanke farantin ta kai wa Ginka. Ta same ta a baranda tana tsinke inabi.

"Kin zo ba ni haƙuri a madadin Malaminki?"

"Farantinki na kawo. Bari Malam ya kawo nasa haƙurin da ƙafarsa."

"Ba sai ya kawo ba. Bai yi ƙarya ba, abin da ya ƙona ni ke nan." Ginka ta jefa inabi a kwando. "Akwai wurin da Rositsa take shafa wa tsohuwar mai a ƙafa, tana rera mata waƙar da take yi wa ɗanta, sai ta ji kunya kamar ta yi sata. Ni ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko ke. Ina yarinyar nan ta samo shi?"

"Ni ma ban sani ba," in ji Yordanka. Gaskiya ta faɗa, kuma rashin sanin ya fi komai yi mata daɗi.

Boryana ta zo ƙarshen mako, lokacin gasa tattasai. Suka zauna a tsakar gida, gawayi na ci, suna ɓare baƙar fatar tattasan suna jefawa a roba. Yordanka ta ba ta labarin Laraba daga farko har ƙarshe, har da muryar kowa. Boryana ta rufe baki da bayan hannu.

"Na shiga uku, na raba Inna Ginka da Malam."

"Sun saba. Jiya an gan su a kasuwa suna ci gaba daga inda suka tsaya."

Boryana ta ɓare tattasai ɗaya, ta ɓare na biyu, ba ta ɗago ba. "To ke fa, Mama? Na yi ƙarfi yanzu."

"Babi na uku ya yi tsawo."

"Na sani."

"Mijin kuma turmi ne."

"A'a, nan kam ban yarda ba. Ta idon Rositsa ake ganinsa, ita kuwa ta daɗe da daina kallonsa. Me kike so ta gani? Ki sake dubawa, sau ɗaya tak yaron ya ba da labarin ubansa, a nan kuma kamun kifi yake koya masa."

Yordanka ta ajiye tattasan da ke hannunta. Ta tuna wurin. A ranta ta ce lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

"Zan duba," ta ce. "Sauran kuwa, na karanta shi sau uku. Kin san ni, ko takardar da ke cikin kwalin magani ba na karanta ta sau biyu."

Boryana ta sunkuyar da kai, ta ce hayaƙin gawayin nan ya cika shiga ido. Uwar ta ce ƙwarai, gawayin bana ba shi da kyau.

Kafin dusar ƙanƙara ta sauko, mai kula da gidan karatu ta gayyaci Boryana ta zo ta yi magana. Ɗakin sama bai ɗauke jama'a ba, aka sauko babban zaure. Mata da yawa da suka yi Italiya da Girka suka zo, wasu da 'ya'yansu manya. Malam Minko ya zauna a gaba da littafinsa duk ya lanƙwashe kusurwoyin shafuka, shi ya fara ɗaga hannu, ya ce har yanzu bai yafe wa Rositsa ba. Boryana ta ce ita ma wasu ranakun haka take ji. Ginka daga ɗaya gefen ta ce to su biyun su zo su same ta bayan an tashi.

An ajiye wa Yordanka kujera a gaba, ta ƙi, ta tafi can baya kusa da ƙofa. Wata mata da ba ta sani ba, da alama daga ƙauye ta shigo, ta matso ta raɗa mata, "Yaya, kin karanta kuwa? Ni ƙanwata ce ta ara mini, ban ajiye ba sai da tuƙunyata ta ƙone."

Yordanka ta gyara zaman mayafinta a kafaɗa.

"Na karanta," ta ce. "'Yata ce."