Kwando Ɗaya Muke da Shi

Kwandon jefa ƙwallo ɗaya muke da shi a makarantarmu, kuma ba mu taɓa jin kunyar hakan ba. Wani mai walda a Gyadi-Gyadi ne ya lanƙwasa rodi ya yi mana zobe, aka ɗaura shi a kan dogon bututun ƙarfe a bayan ajujuwa. Daga gindin bututun zuwa katanga taku ashirin ne da ɗoriya. Iyakar filin namu ke nan, jar ƙasa ce da ƙafafunmu suka daddaɓe.

Malama Rebecca, 'yar Pankshin da ke koya mana wasanni, ita ta ja layi da toka nesa da kwandon, ta kafa mana doka. Tunda ɓangare biyu kwando ɗaya suke nema, duk wadda ta ƙwace ƙwallo sai ta fita bayan layin tukuna kafin ta dawo ta jefa. In ba ta fita ba, ko ta ci ba a lissafawa.

Ni ce 'yar sandar wannan doka. Sunana Uwani, gajera ce ni, jifana kuwa sai dai a yi haƙuri, amma Allah ya ba ni murya. Shekara biyu ina tsaye a filin nan ina cewa "Fita layi," har 'yan aji ɗaya suka ɗauka sunana ne. Wadda ta fi shan masifata ita ce Miriam, doguwa, marar magana, 'yar wani ma'aikacin gwamnati daga Kagoro da ke zaune a Unguwar Gano. Miriam in ta yi tsalle sai ka ga kamar ta manta ana saukowa. Ina jin haushinta, ina kuma son in zama ita.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, gari ya cika da alkawari. Babana direban bas ne, ya ce yanzu hatta fasinjoji sun koyi gardama. Mu ma rabonmu ya iso: sabon kansila ya zo da ma'auni da mutum uku a bayansa, ya ce zai gina mana ajujuwa biyu. Wuri biyu ne kawai babu gini, filinmu da wani kwari a ƙarshen makaranta da sai an sha wahalar cike shi.

Shugabar makaranta, Hajiya Binta, ta kira mu ofis. Ta ce, "'Yan mata, ajujuwa muna bukata, kun fi kowa sani, ku tamanin ne a aji. Amma in kun ci wasan da za ku buga da wata makaranta a Tarauni, zan sami bakin cewa a kai ginin kwari. In ba ku ci ba, ku yafe min."

Ranar Alhamis da hantsi muka tafi. Makarantar da muka je filinta siminti ne, da kwando biyu, kowanne da farar raga tana lilo a iska. Muka yi cirko-cirko muna kallo. Filin ya yi min tsawo ƙwarai, kamar in ka fara gudu a cikinsa sai ka tsinci kanka a Darmanawa. Malama Rebecca ta tara mu ta ce, "Ku saurara da kyau. A nan kowa da kwandonsa. Babu fita layi. Kun ƙwace, ku jefa." Muka ce mun ji, Malama.

Rabin farko mun ga ta kanmu. Ƙwallo a kan siminti tashi take fiye da yadda hannunmu ya saba, sai ta wuce mu kamar ba ta san mu ba. Gudun zuwa da dawowa ya cinye mana numfashi. Aka tafi hutu suna da sha huɗu, muna da shida. Na zauna a ƙasa ina haki, ina zagin simintin a zuciyata.

Sai hadari ya fara haɗuwa daga gabas. Rana ta lafa, iska ta kawo ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Ban san abin da ya shiga Miriam ba. Ta daina kallon kowa. Ta karɓa, ta tashi, ta saki, raga ta yi motsi. Ta sake. Hayaniyar 'yan kallo ta yi nisa a kunnena, kamar rediyon maƙwabta. Ni dai aikina in ƙwato in miƙa mata, in tsaya ina kallon ƙwallon tana tafiya a hankali a ƙarƙashin baƙin gajimare. A lokacin na yarda filinmu ba inda zai je. Har na hango mu mun tsufa muna wasa a cikinsa.

Suna da ashirin da huɗu, muna da ashirin da uku, malamin da ke riƙe da agogo ya ɗaga yatsu biyar, saura daƙiƙa biyar ke nan. Ƙwallo a hannunsu take, za su shigo da ita daga ƙarƙashin kwandon da muke jefawa. Yarinyarsu mai shigo da ƙwallon ta yi gaggawa, ta wurga, Miriam ta miƙa dogon hannunta ta cafe. Ga ta ita kaɗai, ga zobe a saman kanta. Na ga hannayenta sun fara ɗagawa.

Sai na ji murya ta ce, "Fita layi!"

Muryata ce. Wallahi ban aike ta ba.

Miriam ta juya. Taku ɗaya, biyu, uku, ta fita bayan wani layin fenti da suka ja nesa da kwandon, ta waigo. Usur ya tashi. Duk da haka ta jefa, ƙwallon ta yi tafiyarta ita kaɗai, ta faɗa cikin ragar ko zoben ba ta taɓa ba. Alƙalin wasa ya girgiza kai. Ruwa ya fara ɗiga ɗaya-ɗaya a kan simintin.

Babu wanda ya yi min faɗa, abin da ya fi ci min rai ke nan. Malama Rebecca ta dafa kaina ta ce, "Ni na ja layin, Uwani." A cikin bas Miriam ta ce ko ban yi magana ba ƙafarta ta riga ta juya. Ƙarya take, don ta rarrashe ni. Na ga hannayenta.

Kafin damina ta ƙare an zuba harsashin ginin a filinmu. Aka tumɓuke bututun, mai gadi ya ɗauki zoben yana ɗora tukunya a kai. Da muka shiga aji uku, cikin sabon ginin aka sa mu, mu arba'in kacal, kowa da kujerarta. Aji ne mai kyau, ba zan yi masa ƙazafi ba. Na tsane shi.

Ranar farko na iske Miriam tana auna taku daga katanga, leɓenta yana motsi. Ta ce allo yana daidai inda kwandon yake. Ta ci gaba da ƙirga da baya da baya har ta fita daga ajin, ta tsaya a bakin ƙofa. Dokin ƙofar ya faɗo daidai kan layin tokarmu.

Ta ɗaga hannuwanta sama, babu komai a cikinsu, ta dubi saman allon, sannan ta dube ni.

"Uwani," ta ce, "na fita layi. In jefa?"

Na buɗe baki. A karon farko tun da aka haife ni, muryar ta ƙi fitowa.