Wanda Ya Sauki Kowa

Auta ta matso da wayarta kusa da bakin tela, ta yi masa tambayar da take rufe kowace hira da ita: "Da ka zo garin nan, wa ya sauke ka?"

Haka malamarta ta tsara mata binciken a kan baƙin da suka zo neman abinci suka zauna: kowa ya tura ta wurin wanda ya karɓe shi, har ta kai ga na farko. In ba ta samo shi ba, babin ƙarshe ba zai rubutu ba, ga lokacin miƙa aiki ya ƙarato. Sharaɗi ɗaya malamar ta gindaya mata: ban da dangi.

Tela ya zare allura daga bakinsa. "Mai wanki, bayan tasha."

Mai wanki ya tura ta wurin wani tsohon direba. Shi kuwa tsohon, da jin tambayar sai ya kama dariya har da tari.

"Sarkin Surutu ne ya sauke mu duka! A lokacin kullum yana tasha. Duk wanda ya sauko yana rarraba ido, sai ya karɓe masa jaka. Masauki kyauta, amma fa sai ka sha labari har kunnenka ya yi zafi. Taso in kai ki."

Murna ta cika ta, har tana wuce shi da sauri. Suka sha kwana, suka wuce famfon da take ɗiban ruwa tana yarinya, sai ta rage sauri. Direba ya tura ƙofar gidan su Auta ba ko ƙwanƙwasawa.

Baba na tsakar gida yana fama da rediyonsa.

"Baba! Wai kai ne?"

"Ni ne mana. Sau nawa na ɗauko miki labarin nan, kina cewa kina da jarrabawa?"

Kunya da daɗi suka rufe ta lokaci guda. Ta ce, "Malama ta ce ban da dangi."

Direba ya ce, "Ai ba ke kika zaɓe shi ba, mu muka kawo ki. Ta zo ta tambaye mu."

Auta ta zauna a ƙasa, ta danna wayar. Baba ya gyara zama, ya gyara murya.

Daga kicin Mama ta ɗaga murya: "'Yar nan, sa ta a caji tukuna."