Kulle Mai Lamba Uku

Malam Obadiah Kumai ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi, sha biyu daga ciki yana hedimasta, saboda haka ba a yi masa gardama a kan lamba. Ya yi ritaya ya koma gidansa na Kafanchan, amma wannan hali bai yi ritaya ba.

'Yarsa Jacinta, wadda ke aiki a Sabon Tasha, ita ta sayo masa rauta, wani farin akwati mai ƙaho biyu da ke raba intanet a gida. Wanda ya zo haɗawa ya tambaya ko a sa fasuwod, wato kalmar sirrin shiga. Malam Obadiah ya ce shi dattijon ikilisiya ne, ba shi da abin ɓoyewa. Aka bar ta a buɗe.

Wata bakwai tana buɗe. Da farko 'yan acaba uku ne suka gano cewa inuwar mangwaron ƙofar gidan ta fi kowace inuwa daɗi a unguwar. Kafin damina ta yi nisa sun kai sha biyar, kowa kansa a sunkuye, fasinja na ɗaga hannu ana yi masa biris. Mama Faustina, uwargidan, in ta kira ɗanta ta bidiyo sai fuskarsa ta daskare da baki a buɗe, ta yi ta yi wa hoto magana.

Mutum ɗaya ne Malam Obadiah bai taɓa lissafawa cikin masu shan intanet ɗinsa ba, shi ne Alhaji Jamiluddeen, dillalin citta, maƙwabcinsa na shekara ashirin da takwas. Katanga ɗaya ta raba su, da wata 'yar ƙofa a jiki wadda ba ta taɓa ganin kwaɗo ba, har a shekarar da gari ya rikice. Kullum bayan la'asar Alhaji zai shigo ta nan, ya zauna a benci, ya ciro wayarsa mai tsagaggen gilashi da aka ɗaure da roba, ya saurari saƙonnin masu sayen citta. Daga nan su yi gardama a kan ruwan sama, ko takin zamani, ko wanda ya fi tsufa a cikinsu. Malam Obadiah bai taɓa faɗa ba, amma tun da ya bar makaranta wannan awa ɗaya ita ce abin da yake jira a yini.

Ranar wata Asabar Jacinta ta zo, ta ga taron ƙofar gida, ta ajiye jaka ta buɗe kwamfuta.

“Dadi, ba data kawai suke sha ba fa. Netwok da ba kulle, wanda ya iya yana iya leƙa abin da kake aikawa. Yau za mu kulle shi.”

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Ya sa tabarau, ya karanta jerin kamar yana duba sakamakon jarrabawa: WEP, WPA2, WPA2/WPA3, WPA3.

“Wannan na farko fa?”

“Ya mutu tuntuni. Kamar ka ɗaure ƙofa da zare ne.”

“To, biyu da uku?”

“Biyu yana da kyau in fasuwod ɗin mai tsawo ne. Uku sabo ne, ya fi ƙarfi. Amma tsofaffin wayoyi ba su san shi ba. Shi ya sa akwai na tsakiyan nan, yana karɓan sabo da tsoho.”

Malam Obadiah bai son abu mai layi a tsakiya. A wurinsa ko amsa daidai ce ko ba daidai ba.

“Uku ta fi biyu,” ya ce. “Kuma ba tsohon waya a gidan nan. Ke kika saya mana da Kirsimeti.”

Jacinta ta danna uku. Sai maganar fasuwod. Ya kawo ranar haihuwarsa, ta ƙi. Ya kawo ayar da kowane ɗan Sande Sukul a coci ya haddace, ta ce rabin Kafanchan ita suke amfani da ita. A ƙarshe suka haɗa kalmomi huɗu da ba ruwan ɗaya da ɗaya, da lambobi, da alamar tambaya a ƙarshe. Kafin azahar inuwar mangwaro ta daina daɗi, 'yan acaba suka tuna suna da sana'a.

Da yamma Alhaji ya shigo. Malam Obadiah ya riga ya rubuta fasuwod ɗin a takarda da rubutunsa na allo, ya miƙa masa.

“Yarinyan nan ta kulle mana abin. Ga makullinka.”

Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya matso da wayar kusa da hanci, ya shiga dannawa da yatsa ɗaya. Ya daɗe. Ya sake duban takardar, ya sake dannawa. Sannan ya ninke ta ya sa a aljihu.

“Ya shiga?”

“Ta shiga, Hedimasta. Allah ya saka da alheri.”

Ranar ba a saurari saƙon kowa ba, kuma ba a yi gardama ba. Malam Obadiah ya ce bana ruwa zai kai ƙarshen Oktoba, Alhaji ya ce haka ne. Shekara ashirin da takwas bai taɓa cewa haka ne ba.

Kashegari ya zo, ya yi minti goma. Ranar Litinin ya aiko cewa yana da baƙi daga Kagarko. Ranar Talata bai aiko ba. Suna haɗuwa a hanya, gaisuwa kuwa ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi: ina gajiya, yaya iyali, yaya Madam, yaya ƙafar, har da rusunawa kaɗan. Malam Obadiah ya san irin wannan gaisuwa. Ita ce yake yi wa sufeton makarantu.

Abin ya yi masa ciwo, sai ya mai da shi fushi don fushi ya fi sauƙin ɗauka. Yana zaune a benci shi kaɗai da kwanon gyaɗa yana ta shari'a a zuci. Mutum ba shi da ikon kulle kayansa? Ba a ba shi makulli tun kafin ya tambaya ba? Ko dama intanet ɗin yake zuwa sha, da aka sa ƙa'ida sai zumunci ya ƙare? Wannan tunani na ƙarshe shi ya fi hana shi cin gyaɗar.

“Ka je ka tambaye shi mana,” in ji Mama Faustina.

“In tambaye shi me? Ya gaishe ni da safe.”

A kwana na sha biyar, ranar Lahadi, bayan an taso daga sujada a coci, Jacinta ta kira ta ji ko 'yan acaba sun dawo. Ta koya masa yadda zai buɗe shafin rautar a wayarsa ya ga duk wanda ya taɓa shiga tun ranar da aka kulle. Ya bi a hankali, yana maimaita kowane mataki da ƙarfi. Suna uku ne: wayarsa, wayar Mama, kwamfutar Jacinta.

“Na Alhaji fa?”

“In ba ta nan, ba ta taɓa shiga ba. Dadi, wace irin waya ce da shi?”

Malam Obadiah ya tuna da robar nan. Ya gaya mata tsohuwa ce ƙwarai.

“Ko ya rubuta daidai ba zai shiga ba?”

“Ko sau ɗari. Za ta ce masa fasuwod ba daidai ba, ko ta yi ta juyawa.”

A nan ya ga abin yadda Alhaji ya gan shi. Abokinka ya kulle ƙofa, ya miƙo maka makulli yana murmushi, makullin bai buɗe ba. A garin nan mutane sun san yadda ake cewa a'a da bakin e. Kunya ta kama Malam Obadiah tun daga wuya har tafin ƙafa.

“Na tsakiyan nan,” ya ce, “mai layi. Ɓarawo zai shiga?”

“Da wannan fasuwod ɗin, da wuya. Bai kai uku zalla ƙarfi ba, amma ya ishe gida. Wayarka za ta ci gaba da amfani da uku, tsohuwa ta bi ta biyu.”

Ya danna WPA2/WPA3 da kansa. Fitilun rautar suka mutu suka dawo. Saura abu mai wuya. Ba zai je ya ce wa dattijo wayarka ta tsufa ba, kuma ba zai ce masa na gano ka yi ƙarya ba. Ya zauna ya yi lissafi, ya ga ƙarya ɗaya ce za ta rufe duka biyun, kuma a kansa za ta faɗi. Ya ɗauko sabuwar takarda ya sake rubuta fasuwod ɗin, harafi da harafi, yadda yake.

Ya sami Alhaji a tsakar gidansa yana juya yankakkiyar citta da aka shanya a kan leda. Aka yi doguwar gaisuwar nan. Sannan Malam Obadiah ya miƙa takardar.

“Alhaji, na zo neman gafara. Wancan takarda da na ba ka, na tsallake harafi ɗaya. Ido ya tafi. Ga na daidai.”

Alhaji ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya karanta. Bai ciro tsohuwar takardar ya gwada ba. Ya ciro wayar ya danna, wannan karon da sauri, ko duban takardar bai yi ba. 'Yar alamar nan mai kama da mafici ta cika a saman gilashin. Ya dube ta na ɗan lokaci.

“Wane harafi ka tsallake, Hedimasta?”

“Na wajen tsakiya.”

“Sau arba'in da ɗaya na buga kalmar nan. A bencinka, a jikin katanga, har a bayan ɗakin girkinku da kuka tafi coci. Na haddace ta fiye da lambar wayata. Babu harafin da ka tsallake.”

Malam Obadiah ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Dattijon ikilisiya, an kama shi da rana tsaka a gaban citta.

“Kullen da na zaɓa ne bai san wayanka ba,” ya ce. “An faɗa mini tsofaffi ba za su shiga ba. Na ƙirga wayoyin gida, ban ƙirga naka ba. Laifina ne. Amma kai ma ka ce ya shiga.”

“Na ce.”

“Don me? Kalma ɗaya da ka faɗa, da ran nan an gyara.”

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki wani yankin citta, ya juya shi a hannu, ya mayar inda yake.

“Na yi tunanin ko da gangan ne,” ya ce. “To in da gangan ne, ban so ka san na gane ba. Da ka sani, ko gaisuwar ma sai ta gagare mu.”

Malam Obadiah ya yi tari, ya ɗora wa cittar laifi. Wayar da ke hannun Alhaji ta fara ƙara, saƙo na bin saƙo, ba wanda ya dube ta. Can Alhaji ya ɗaga kai ya kalli hadarin da ke haɗuwa ta gabas, ya jawo bakin ledar.

“Kama can,” ya ce. “Tun da ka zo.”

Hedimasta ya naɗe hannun rigar cocinsa ya kama.